Tsohon da Ya Bi Sawun 'Ya'yan Fari

Ranar Talata, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, tsohon da muke kira Baba ya cika a zauren gidana a Anka. Mu huɗu ne a kansa: ni, da Inna mahaifiyata, da limamin unguwarmu, da wata nas wadda shi ya koya mata ɗibar jini. Liman ne ya shafe masa ido. Nas ɗin ta ci gaba da riƙe wuyan hannunsa tana neman bugun jijiya bayan ta san babu, sai da Inna ta ce mata, "Sake shi, ɗiyata, ya tahi." Na duba agogo domin shi ya saba mini da hakan. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

An yi masa sutura kafin magariba. Waɗanda suka sallace shi ba su cika sahu uku ba, saboda labari bai fita gari ba tukuna. Washegari ne mata suka fara isowa, daga Dareta, daga Tungar Guru, daga ƙauyukan wajen Bukkuyum, duk da halin da hanya take ciki. Suka cika tsakar gida, kusan kowace da yaro a gefenta, ba goyo ba, yara masu shekara tara ko goma. Babu wadda ta yi kuka da ƙarfi. Wata tsohuwar Bafulatana ta ajiye ƙwaryar nono a gaban Inna, ta zauna kamar minti biyar, ta tashi ta tafi. Wani mai injin niƙan dutse, wanda ya taɓa rantsewa a kasuwa cewa Baba ya kashe masa sana'a, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Mutum na mai tsanani." Ya juya.

Na sami ɗansa a waya, can Sudan. Abu ɗaya ya tambaye ni, ko an sami mutane a jana'iza. Na ce an samu. Layi ya katse, ban sake samunsa ba.

A rana ta uku na ji wani a teburin mai shayi yana cewa, "Ashe tsohon nan yana garin nan? Ni na ɗauka ya koma ƙasarsu tuni." Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro. Ni ba marubuci ba ne, karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare. Amma akwai wata yarinya a gidana da take numfashi yau saboda wata tambaya da tsohon nan ya yi, kuma tun da ya kwanta ban ji wanda ke yin tambayar ba. Zan faɗi abin a jere.

Asalinsa na nan ne. Kakansa ya tashi daga ƙasar Zamfara a ƙasa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna noman auduga har ya rasu. A can aka haifi Baba, a can ya yi aikin jinya a asibitin gwamnati har ya yi ritaya, a can ya binne matarsa. A 2010, da yara suka fara mutuwa a ƙauyukan zinari saboda gubar dalmar da ke cikin dutsen da ake niƙawa, wata ƙungiyar likitocin agaji ta nemi ma'aikatan jinya masu jin Hausa. Ya ba da kansa. Ya iso Anka da damina, da akwati ɗaya, ya haura shekara sittin da biyar. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, cakuɗe da Larabci, har mata suna rufe baki suna dariya in ya yi magana.

Ni an ɗauke ni tafinta da kiran sunaye a layi. Baba ba ya bukatar tafinta, amma bai san hanya ba, ni kuwa ina da babur. Aka haɗa mu.

Ga yadda ranarsa take. Bayan sallar asuba ya sha baƙin shayi, ba madara. Ƙarfe bakwai yana ɗakin jinya. Maganin cire dalma ƙwaya ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, yara ba sa haɗiye ta da daɗi. Sai ya buɗe ta a cokalin zuma, ya durƙusa, ya ba yaro, ya jira, sannan ya buɗe bakin ya duba ƙarƙashin harshe. Ba ya yarda da "ya sha." Sai ya gani. Ƙarfe goma sha ɗaya mu hau babur zuwa ƙauyuka, mu dawo kafin la'asar sakaliya. Takalmansa biyu ne: na ƙauye, da na ɗakin jinya. Na ƙauye ba ya tsallake ƙofa, domin ƙurar da ke jikinsa ita ce cutar. Wannan doka ba ta bar kowa ba. Wani babban mutum ya zo dubiya da mutanensa, Baba ya tare ƙofa da jikinsa ya nuna masa ƙafa. Aka ce masa, "Ka san ko wane ne?" Ya ce, "Takalmin nake magana da shi." Mutumin ya cire.

Abincinmu bai karɓe shi ba da farko. Wata guda yana fama da ciki, ya rame har jallabiyarsa tana yawo a jikinsa, bai fasa fita ko sau ɗaya ba. Da kansa yake wankinsa. In yaro ya rasu a ɗakin jinya, ban taɓa ganin hawayensa ba. Zai rubuta lokaci a kati, ya wanke gadon da hannunsa, ya shimfiɗa sabon zane, ya dube ni ya ce, "Saura wa?" Mutane da yawa sun ɗauka ba shi da tausayi. Ba zan ɓoye ba, yana da kaushi. Ya taɓa sa wata uwa kuka saboda ta ba ɗanta furar da aka aiko daga ƙauye, kuma bai ba ta haƙuri ba. Ban taɓa jin ya ba kowa haƙuri ba.

A mako na uku muna ƙarƙashin wata tsamiya muna cika katuna. Tambayar da ke kan takarda ita ce, yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar a gidan nan. Ni nake yi, mata suna amsawa, kuma gaskiya suke faɗi. Wata matashiya da goyo ta ce ɗaya. Baba ya ɗaga kai.

"Shekara nawa da aurenki?"

"Biyar."

"Wannan ne na farko?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wata dattijuwa a bayanta ta amsa mata: "Akwai wani. Shina wurin kakarshi tun yaye."

"Don me ba ta faɗa ba?"

Matan suka yi dariya. Dattijuwar ta ce, "Ɗan hwari na, Baba. Ina za ta kai bakinta?"

Kowa a nan ya san wannan. Uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna kulawa da shi a gaban mutane, kuma in an yaye shi wurin kaka ake kai shi, sau da yawa can yake zama. Turawan da suka tsara takardar ba su san haka ba. Mu da muka sani ba mu ga abin faɗi a ciki ba. Baba ya karɓe katunan daga hannuna, ya sa aka sake layi daga farko.

A hanyar dawowa ya taɓa kafaɗata a bakin wani rafi. Na tsaya. Bai sauka daga babur ba, daga bayana yake magana.

"Kai, 'ya'yanka nawa?"

"Ɗaya, namiji, yana goye. An gwada shi."

"Shekara nawa da aurenka?"

"Shida."

Ruwa yana wucewa. Na ce, "Akwai wata yarinya wurin Inna."

"Wata yarinya. Ta wa?"

Na ce masa tungar da Inna take tana tsakanin Bukkuyum da Gummi, manoma ne da masunta, ba a haƙar zinari a can, shi ya sa ba ta cikin jerin ƙauyukan da za a duba.

"Ba a haƙa. Ana daka?"

Ƙanena yana cikin masu haƙa. Ya sha ɗora buhun dutse a babur ya kai wa Inna ta daka masa, domin kada abokan aikinsa su ga abin da ya samu. Na san da haka. Na sani tun ranar da na fara aiki. Mako uku ina tsaye ina kiran sunayen 'ya'yan mutane da ƙarfi, na kasa shiga wurin likita in ce ina da ɗiya mai shekara uku a gidan da ake dakan dutse. Dalilaina biyu ne. Na farko, abokan aiki za su ce ga marar kunya yana tallar 'yar fari. Na biyu, Inna za ta ce na zo karɓe abin da aka ba ta. A lokacin dalilan sun yi mini nauyi. Yau da na rubuta su, ga su nan, layi biyu.

Washegari muka tafi. An kwana ana ruwa, laka ta kama babur sau uku, muka ɗora shi a kwalekwale muka haye gulbi. Bayan azahar muka isa. Inna tana dakan gero. Yarinyar tana zaune a gindin turmi, hannunta cikin ƙasa. Yara suna gudu in sun ga baƙo ko su zo kallo, ita ba ta yi ko ɗaya ba. Inna ta ce sau biyu ta yi jijjiga a makon, an yi mata rubutu da hayaƙi, iska ce.

Ta dubi Baba sama da ƙasa. "Wanga tsoho daga ina?"

Na ce daga Sudan.

"Tun Sudan yat taho shi koya mini riƙon ɗiya? Tara na raina."

Baba ya ce, "A cikin taran, nawa suka ci dutse?"

Ya jiƙa yatsa a buta, ya shafa cikin tsagar turmin, ya ɗaga mata. Ƙura ce mai duhu, ba ta gero ba. Ya ce, "Hajiya, wannan kike dama mata."

"Ban je hajji ba, kak ka yi mini ba'a."

"Kakana ma bai kai ba."

Inna ta so ta yi dariya, ta danne. Ta ce turmin na uwarta ne, ta ci a cikinsa, 'ya'yanta sun ci, babu wanda ya mutu. Ta ce yarinyar kuwa an ba ta ita, ubanta ba shi da bakin karɓa.

Baba ya ce, "Ba shi da baki, na gani. Ba shi ke karɓa ba. Ni ke roƙo. Kuma ban ce ki ba da ita ba. Ki goya ta ki taho, ke za ki yi jinyarta, ba wanda zai ba ta cokali sai a gabanki."

Inna ta dube ni. Ina kallon ƙasa. Ta jingine taɓarya, ta shiga ɗaki, ta fito da zane ta goya yarinyar. Babur ba zai ɗauke mu duka ba. Baba ya ce mu tafi, shi zai tsaya ya shiga sauran gidajen tungar, domin in kaka ɗaya tana daka, ba ita kaɗai ba ce. Washegari ya taka a ƙasa har bakin titi, da wasu tsofaffi biyu a bayansa, kowace da jika.

Da aka sa jinin yarinyar a na'ura, na'urar ta kasa faɗin adadi, ya wuce inda take iya karantawa. Aka kwantar da ita. Ta sha magani zagaye bayan zagaye. Ta rayu. Amma maganarta ta koma baya, hannunta na dama ya yi sanyi, kuma jijjigar tana dawowa lokaci lokaci har yau. Na tambayi Baba ko za ta warware. Wani zai ce mini sai addu'a. Shi cewa ya yi, "Da mako uku da suka wuce aka kawo ta, wataƙila da ba haka ba. Ban ce tabbas ba. Na ce wataƙila."

Wata guda ban yi masa magana ba sai ta aiki. Ina tuƙa shi, ina tsayawa inda ya ce, ba gaisuwa. Bai nemi shiri ba. Ranar da na gaji, muna cin ƙosai a bakin hanya, na ce, "Baba, al'adarmu ce. Ba ni na ƙirƙiro ta ba."

Ya ce, "Na sani. Ni ma ɗan fari ne. Uwata ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Ranar suna ka yi kunya, ranar aurenta ka yi kunya, ban hana ka ba. Ranar ciwo fa?" Ya miƙo mini sauran ƙosan. Daga nan muka koma gaisawa.

Bayan wannan ya sauya yadda yake aiki. Ya daina tambayar iyaye. In muka shiga ƙauye, sai ya nemi ungozoma da wanzami, domin babu haihuwar da ke wuce su. Su zauna a tabarma, su lissafa masa haihuwar kowane gida shekara biyar baya, shi kuma a kan kowane yaro ya tambaya, ina yake kwana, wa ke dama masa fura. Daga nan mu bi sawu. Mun shiga tungayen da ba su cikin taswirar kowa, har fadamun shinkafa na wajen Gummi. Shugabanninsa sun yi ƙorafin yana fita daga inda aka tsara, sai ya mayar da tafiyar ranakun hutunsa. A ruga abin ya fi wuya. Wani makiyayi ya dube mu ido cikin ido ya ce bai taɓa haihuwa ba, alhali yaron yana wurin kakarsa a garin da ake niƙa. Baba bai yi musu da shi ba. Ya ce a kira masa goggon yaron. Ita ta faɗa, uban yana tsaye yana kallon shanu. Da za mu tafi ya biyo mu har bakin hanya, ya ɗaure mana zakara a bayan babur, bai ce don me ba.

Ba duk muka tarar da rai ba. Akwai gidajen da kaka ta nuna mana wurin da aka binne, ta ce iyayen sun zo gaisuwa sun koma, uwar ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Baba yakan rubuta, ya nemi ruwa ya wanke hannu, mu wuce gida na gaba.

Turmin Inna an binne shi a rami tare da ƙasar da aka kankare daga tsakar gidanta. Ba ta yafe ba. Baba ya sa aka sassaƙa mata sabo na ƙirya, ya ɗauko shi da kansa. Ta buga taɓarya sau biyu ta ce, "Ba ya da murya." Ta dawo Anka da zama saboda jinyar yarinyar, kuma tun daga lokacin kullum da hantsi sai ta dama fura ta ce, "A kai ma maƙiyina." In ya dawo da kwano ya ce tsami ya yi yawa, ta ce, "Turminka na." Shekara bakwai suna haka.

Wa'adinsa ya ƙare ya koma gida, ya dawo. Ya sake komawa, ya sake dawowa. A karo na uku ya zo da kansa, ba a ƙarƙashin kowa ba, ya kama ɗaki kusa da asibiti: tabarma, akwati, rediyo, Alƙur'ani. Kowace safiya Inna takan kai masa yarinyar. Ya zuba wake a faifai ya sa ta tsince da hannun da ya yi sanyi, ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa. Wata shida kafin ta kai goma. Ranar da ta kai, ya aiko a kira ni daga wurin aiki in zo in ji. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "To, madalla," na koma. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: in ya hango ni a cikin mutane, sai ya ƙwala wa yarinyar kira da cikakken sunanta, har da nawa a haɗe, kowa ya ji.

Da 'yan bindiga suka rufe hanyoyi, fita ƙauye ta gagara. Baƙin ma'aikata suka ragu. Baba ya koma zama a tasha ranar kasuwa, yana tare mutanen ƙauye yana tambayarsu yaran da ke wurin kakanni, yana roƙon a shigo da su. Wasu sukan kawo. Wasu sukan ce masa, "Baba, muna ta kanmu, kana ta turmi." Ba ya jin haushi. Mako mai zuwa zai sake tambayarsu. Tari ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura. Na ce ya koma wurin ɗansa. Ya ce, "Can ba wanda ke jirana da safe."

Ranar Asabar kafin rasuwarsa muka ɗauko shi zuwa zaurena, domin ba ya iya tashi shi kaɗai. Bayan la'asar zauren ya cika: liman, ƙanen mahaifina, maƙwabta. Baba ya buɗe ido ya ce mini, "Kira ta."

Na leƙa cikin gida na ce, "Ke, zo, Baba na kira."

Ya ce, "Ba haka ba. Kira ta."

Kowa ya gane abin da yake nufi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ƙanen mahaifina yana kallona. Sunan yana bakina, harafi huɗu ne. Na yi 'yar dariya na ce, "Ai ta ji, ga ta nan tafe." Ta shigo tana jan ƙafa, ta zauna kusa da kansa. Baba ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya mayar da ido kanta, ya kama hannun nata na dama ya ce ta matse yatsansa. Bai sake tayar da maganar ba. Kwana uku bayan haka ya rasu.

Mako biyu da binne shi ranar gwajin jininta ta zo. Gwiwar Inna ta kumbura, mai ɗakina tana da tsohon ciki. Ba wanda zai kai ta sai ni. Na riƙe hannunta muka ratsa kasuwa, karo na farko a shekara goma. A wurin yankan kati akwai wani sabon ma'aikaci, bai san ni ba, bai san Baba ba. Ya ce, "Wace ce a wurinka?"

Akwai mutane a layi, wasu 'yan unguwarmu ne. Na ce, "Ɗiyata ce. Ta fari." Na faɗi sunanta.

Ya rubuta, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Na gaba." Babu wanda ya waiga. Abin da ya gagare ni mako uku a wancan lokaci, ya gagare ni ranar Asabar a gaban mai mutuwa, iyakarsa ke nan.

A hanyar gida ta ja ni zuwa ɗakin Baba. Akwai kwaɗo a ƙofar. Ta buga da hannun hagu, ta jira, ta sake bugawa. An gaya mata ya rasu, ta ce to, amma ba ta riƙe magana. Na tsaya har ta gaji.

Yanzu dutse ya koma shiga gidaje, domin gona ba ta nomuwa kuma dole a ci abinci. Ana kai wa tsofaffi su daka a ɓoye kamar da. Takarda har yanzu yaran cikin gida take tambaya.

Mai karatu, ina roƙonka abu biyu, a jere. Na farko, ka yi wa tsohon nan addu'a, Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, domin ba shi da dangi a garin nan da za su riƙa tunawa. Na biyu, in kana da ɗan fari ko 'yar fari a wurin kaka, a Anka ko Bukkuyum ko Gummi ko wata tunga da ba a zuwa, kada makon nan ya fita ba ka je ba. Ka jiƙa yatsa ka shafa cikin turmin gidan ka duba. Ka kawo yaron a gwada jininsa, ka taho da kakar kada ranta ya ɓaci. In an tambaye ka wane ne a wurinka, ka faɗa da bakinka, tun yana iya amsa sunansa.